Abin da Gogu Yake Kallo a Bayan Murhu

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Mirela ta ce in riƙa rubutu. Wai tsohuwar da take jinya a Italiya ta gaya mata rubutu yana rage nauyin ƙirji. Ni a aji takwas na tsaya, rubutuna kamar sawun kaza, amma 'yarki in ta bugo waya daga nesa tana kuka, to kawai za ki ce.

Ban san abin da ake rubutawa ba. Yau na yi tuwon masara, na yanka shi biyu da zare kamar kullum. Sai da na ajiye faranti na biyu na tuna.

Gogu bai ci ba. Shi ne karen da Mirela ta bar mana shekara huɗu da suka wuce. Bai fi burodi girma ba, kansa zagaye kamar tuffa, idanu a waje. Maigidan ne ya raɗa masa sunan wani tsohon shugabansu na masana'anta. Ya ce ga goshi, ga haushi, ba aikin fari. Da farko cewa yake wannan ba kare ba ne, ɓera ne ya yi karatu. Daga baya ba ya fita ko bakin ƙofa sai da shi a cikin jaket.

Jaket ɗin na nan a kan ƙusa. Ba a taɓa kaya sai an yi arba'in.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da hantsi

Yaya Domnica, maƙwabciyata, ita ke ɗibar wa marigayin ruwa. Kullum da sassafe sai ta cika bokiti biyu a rijiyar bakin titi ta kai gidajen mutane da sunansa, don kada ya ji ƙishi a inda yake. Haka za ta yi har ranar da za a saki ruwan a kogi. Ta yi wa mutane da yawa, ban da nata mijin, shi wata ce ta yi masa.

Yau da ta gama ta shigo shan kofi. Gogu yana tsaye a kusurwar bayan murhu, inda kujerar maigidan take, ya kafe bango da ido. Na kira shi, ko kunne bai kaɗa ba.

Ta ce, "Tun yaushe ɓeran nan yake haka?"

Na ce ya kai mako.

Ta ajiye kofi ta yi alamar gicciye. "Tudora, ke dai idonki ado ne. Shi yake gani. Kafin arba'in ai ba su tafi ba, suna zagaya gida. Mu ba ma gani, dabba na gani. Lokacin nawa mijin, kyanwata kwana take tana kallon saman kabad, inda yake ɓoye kwalbarsa."

Muka yi dariya. Rabona da dariya tun ranar da motar asibiti ta zo.

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana

Na sake ruwan kofin da nake ajiye wa maigidan a kan taga. Ya ragu. Na san iska ma tana sha, amma ya ragu.

In Gogu ya tsaya a kusurwa sai in jawo kujera in zauna. Yau na gaya wa maigidan kabeji ya yi, ban san wanda zai taya ni danna shi a ganga ba. Na gaya masa Fadan cocinmu ya yi kuskuren sunan mahaifiyarsa a addu'a. Na gaya masa wani abu kuma da ba na takarda ba ne.

Na yi barci sosai.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Gogu ba kallo kawai yake yi ba. Goshinsa yake dannawa a bango, ya daɗe a haka kamar mai tura ƙofa. In ya bar wurin sai ya yi ta zagaye, kullum ta hagu, ya bugi ƙafar tebur, ya ci gaba kamar bai ji ba.

Yaya Domnica ta ce binsa yake yi a ɗaki.

Shi bai taɓa zagaya tebur ba a rayuwarsa. Zama yake yi ya ce a miƙo.

Talata, da yamma

Na taɓa wuyan Gogu ya yi ƙara. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da magariba

Mirela ta kira ta waya mai hoto, ta ce in nuna mata Gogu. Na nuna. Ta ce, "Mama, wannan ba Baba ba ne. Ciwo ne. Ki kai shi likita gobe."

Na ce ke me kika sani, kina can.

Ta ce, "Mama, don Allah. Kada mu sake jira."

Na gaya mata magana. Ba zan rubuta ta ba. Ta kashe wayar, bayan ɗan lokaci ta sake kira ta gaya min lokacin motar Slatina, kamar ban shekara arba'in ina shigarta ba.

Ina tsoron in kai shi. Ina tsoron kada in kai shi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

Zan rubuta a hankali.

Na naɗe shi a gyale na shiga mota. A Slatina na tambayi wurin likitan dabbobi, aka nuna min wani a bayan kasuwa. Likitar yarinya ce sa'ar Mirela, Dokta Sanda. Ina buɗe gyalen ta ce, "Au, Gogu. Ina ka shiga, shugaba? Ina kakan naka, yau ya turo wakiliya?"

Sai ta ga baƙin ɗankwalina. Ta rufe baki da hannu.

Na ce ina ta san shi.

Ta ce, "Inna, ai shekara ɗaya da rabi yana kawo shi. Ranar kasuwa, a cikin jaket."

Ni na san ranar kasuwa ƙusa da igiya yake zuwa saye. Kullum ƙusa. Har na taɓa ce masa da ƙusoshin da kake saye da mun gina coci.

Ta ɗora Gogu a tebur, ta shafa masa wani mai sanyi a tsakiyar kai. Yana da maɗiga irin ta jarirai, ba ta taɓa rufewa ba. Ta ɗora abin hoton nan irin na masu ciki a wurin, ta juyo min da allon. Na ga baƙi, baƙi mai faɗi, da ɗan fari siriri a gefe.

Ta ce baƙin ruwa ne. Wai akwai wani ruwa garau da jiki yake yi a cikin kai, na kare da na mutum duka. Yana kewaye ƙwaƙwalwa, ya gangara ta lakar baya, ya tsiyaye, a yi sabo. Kamar rijiya mai magudana. Ta Gogu magudanar a matse take tun haihuwa. Ruwan na shiga, ba ya fita yadda ya kamata, sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwar. Shi ya sa yake tura goshi a bango. Kansa ke ciwo. Kuma ta ce da wuya in yana ganin bangon ma.

Na ce to me yake kallo?

Ta ce, "Ba ya kallon komai, Inna."

Ta tambaye ni yaushe aka daina ba shi maganinsa. Na ce wane magani. Ta ce ɗan kafso, kullum da safe kafin ya ci abinci, a cikin cuku.

Cuku.

Kullum da safe, kafin in sauko daga gado, sai in ji shi a kicin yana cewa, "Shugaba, zo ka karɓi haraji." Ina ta faɗa yana ɓata min kare da cuku.

Ta ce ya roƙe ta kada ta bari in ji. Wai ya ce, "Tsohuwar tawa zuciyar zomo gare ta. In ta ji akwai ruwa a kan ɗan nan ba za ta ƙara barci ba."

Ta rubuta min sunan maganin. Na karanta sau biyu. Na ce wannan ai na ƙwarnafi ne.

Ta ce shi ne. Maganin da ke hana ciki yin tsami da yawa. Wai an lura kamar yana rage ruwan da kai yake yi. Ta ce, "Ba zan yi miki rantsuwa a kansa ba. Wasu likitoci sun auna sun ce yana ragewa, wasu sun auna ba su ga bambanci ba. Ni abin da na gani shi ne, yana sha yana lafiya, an daina ga shi nan." Ta haɗa min da wata ƙwaya ta rage kumburi. Ta ce kada in tsallake ko ɗaya, kuma in na ga manyan kafso na mutane a gida kada in ba shi, sun fi ƙarfinsa.

Ba sai ta gaya min akwai su a gida ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da sassafe

Na karya doka. Na sa hannu a aljihun jaket. Kwalba ƙarama, saura kaɗan a ciki, da ɓawon cuku ya bushe a takarda.

A asibiti, ranar da bakinsa ya fara nauyi, ya ce min, "Harajin Gogu." Na ce ina ba shi. Ya ce, "A aljihu." Na ce ka yi shiru ka huta. Na gyara masa bargo.

Cuku nake ba shi. Cuku zalla.

Juma'a, da rana

Na san maganin nan. Shekara biyu yana zaune kusa da gishiri a kan teburina. Ya sha, zafi ya kwanta, ya ce kin gani, tsami ne kawai. Ya sha, ya ture faranti. Ya sha, ya ƙara huda a bel da ƙusa. A asibitin Craiova likita ya tambaye shi tun yaushe yake sha, da ya faɗa sai likitan ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

Magani ne mai sa ciwo ya yi shiru. Yanzu an ce in sa shi a bakin Gogu da hannuna.

Na ba shi. Na wanke hannu daga baya.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan coci

Ya ci rabin ƙwai. Ya sha ruwa da yawa, Dokta ta ce ƙwayar kumburin ce ke sa haka.

Litinin, 27 ga Oktoba, da yamma

Bai zagaya tebur ba yau. Na kira shi ya juyo. Ya kwanta a kan takalmina.

Bai je kusurwa ba ko sau ɗaya. Na jawo kujera na zauna ni kaɗai, na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Wa zan gaya wa? Bango?

Ya kamata in yi murna. Na gaya wa Mirela ina murna.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Na ba Yaya Domnica labarin likita. Ta saurara tana murza kafaɗa, bokitan sun fara cin ta.

Ta ce, "Ruwa a kai. To. Su likitoci komai sai sun sa masa suna. Me ya sa ruwan bai tashi taruwa ba sai yanzu? Me ya sa sai kusurwar kujerarsa, duk kusurwoyin gidan nan?"

Na ce can ne ya fi ɗumi.

Ta ce, "Ni ban ce ki ƙi magani ba, ƙanwata. Amma bawan Allah saura masa 'yan kwanaki ya tafi gaba ɗaya. Ya shigo gidansa, mai ganinsa ɗaya tak an rufe masa ido. Ki bari a saki ruwa mana, sannan ki ɗura wa ɓeran duk kantin magani."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ce ta wanke gawar maigidan. Ita ce ta riƙe ni a bakin rami.

Laraba, da safe

Ban ba shi ba.

Alhamis, da safe

Ban ba shi ba. Cuku kawai.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Ya koma kusurwa. Na ce sannu da zuwa. Na gaya masa na san maganar ƙusoshi. Na ce maƙaryacin banza, shekara ɗaya da rabi. Na yi kuka mai daɗi.

Gogu yana nishi ƙasa-ƙasa duk lokacin da nake magana. Na ji. Na ci gaba da magana.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da magariba

Ya Ubangiji.

Da safe ina hura wuta na ji abu ya faɗi. Yana kwance a gefe, ƙafafu a sandare, kai ya lanƙwashe baya, kumfa a baki, yana harbe-harbe kamar mai gudu a mafarki. Idonsa a buɗe ba kowa a ciki. Na san irin idon nan, ban daɗe da ganinsa ba.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga Yaya Domnica a ƙofa. Ta yar da bokiti a tsakar gida, ruwan ya malale, ruwan da ba a zubarwa. Ta naɗe shi a zanen gabanta ta fita titi da silifa ɗaya, ta tsaya a gaban motar burodi ta ɗaga hannu. Direban ya ce ba a ɗaukar kare da burodi. Ta ce, "Ni na yanke maka cibiya, Fănel, buɗe ƙofar nan kafin in gaya wa gari yadda ka fito."

Ya sake yi a hanya. Tana ta cewa, "Yi haƙuri, ɓera, yi haƙuri, bakina ne."

Dokta Sanda ta yi masa allura ta sa masa ƙarin ruwa a ƙafa. Ƙafar kamar tsinke. Da ya lafa ta tambaye ni ko yana shan maganin. Na gaya mata gaskiya. Har dalilin na gaya mata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi min. Ta ce ba ta san wanne ne ya jawo ba, rashin kafson ko yanke ƙwayar kumburin lokaci ɗaya, ko kuma ciwon ne dama ya zo gaɓar da zai yi haka. Ta ce zai kwana a wurinta. Na ce zai tashi? Ta ce, "Ki bar wayarki a kunne."

Haka suka ce min a Craiova.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da safe

Wayar ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, da yamma

Na zauna na kalli kusurwar da kyau. Fenti ya ɗaɗe a ƙasa, daidai tsayin goshinsa. Akwai yanar gizo a sama. Shi ke nan abin da ke wurin.

In ma yana nan, me ya gani? Ya ga ɗan da ya ɓoye a jaket yana tura kai a bango don azaba, ni kuma na jawo kujera ina ba shi labarin kabeji.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Na duba ko ta mutu. Ba ta mutu ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da rana

Ta kira. Na kasa dannawa, Yaya Domnica ce ta danna. Na ji ta tana cewa, "Ya ciji wa? Madalla."

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Ya dawo. Ya rame, an aske masa ƙafa ɗaya, idon hagu ba ya gani, Dokta ta ce wataƙila ba zai dawo ba. Yanzu magani uku ne, an ƙara na farfaɗiya. Ta ce akwai aikin da ake yi a Bucharest, a sa siririn bututu ya riƙa janye ruwan zuwa ciki, amma ga ɗan abu kamar wannan ba ta ba ni shawara ba. Na ce to nawa ya rage masa? Ta ce ba ta sani ba. Wata uku, shekara uku. Ta ce in na ga ya koma bango in zo a ranar, ba washegari ba.

Na tambaye ta abin da ke cina. Na ce maganin nan ba zai ɓoye min ciwon ba, in ga kamar lafiya alhali ana ci ta ciki?

Ina jin ta san dalilin tambayar. Ta ce, "Zai iya. Shi ya sa za ki riƙa kawo min shi ina dubawa ko da yana tsalle. Ranar kasuwa. Ai ya san hanya."

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Yaya Domnica ta leƙo ta taga da bokitanta. Ta sake zagayen ranar da ruwan ya zube, ba wanda ya sa ta. Ta ce, "An biya haraji?"

Na ce an biya.

Ta ce, "A gabana za a riƙa biya. Ban yarda da ke ba, ban yarda da ni ba."

Juma'a, da yamma

Na dafa alkamar sadaka, na daka gyaɗa da sukari. Mirela ta iso. Ta ɗauki Gogu ta sa fuska a jikinsa ta daɗe. Ba mu tayar da maganar waya ba. Ta taya ni ninke kayan da za a bayar gobe.

Da ya tashi shan ruwa ya nufi wajen murhu, numfashina ya tsaya. Ya wuce.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da yamma

An yi addu'a a kabari, an raba abinci, an ba da kaya. Jaket ɗin Fănel na ba. Na cire kwalbar tukuna. Ya sa, ya yi masa yawa a kafaɗa, ya ce yana warin kare. Yaya Domnica ta ce to ai ya dace da kai.

Daga nan muka gangara kogi. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan ciyawa ta zuba ruwa a kai, ta shaida a gaban rana cewa ta ɗiba masa, ba ta ci amana ba. Muka kafa kyandir a ɗan katako muka kunna, na ɗora a kan ruwa. An ce in ya tafi kai tsaye ruwan ya isa wurin mai shi. In ya yi ta zagaye, da saura.

Ya zagaya sau ɗaya. Ta hagu. Na matse Gogu a ƙirji har ya yi ƙara.

Sai ruwa ya ɗauke shi ya miƙe da shi tsakiya, wutar ba ta mutu ba har ya sha kwana.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da sassafe

Na ɗauke kofin daga taga na wanke na kife.

Stelian. Ga shi na rubuta sunanka, maigida.

Naka ruwan ya tafi. Na Gogu ban sani ba. Kullum in na farka sai na ɗora babban yatsa a maɗigarsa a hankali, ina jin abu yana bugawa a ƙarƙashi, ban san ko yana ƙaruwa ba. Har yanzu ba na son ganin maganin nan kusa da gishiri. Har yanzu ina tsoro. Ka yi gaskiya, zuciyar zomo ce, kuma barcin ya ragu. Amma da ka gaya min.

Mirela na barci. Na yanki cuku na tura kafson ciki na murza yadda na ga saura a takardarka. Na rasa yadda zan kira shi. Muryata ba irin taka ba ce.

Na ce, "Shugaba."

Ya fito daga ƙarƙashin tebur yana karkata kai don ya samo ni da idon da ya rage. Kusurwa na bayansa. Bai waiwaya ba.